Ranar da Surukina Ya Zauna a Kujerar Gimbiya

Ko da zan manta da komai na zaman da na yi ni kaɗai bayan tafiyar matata karatu, ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da surukina ya zauna a kan kujerar da na shafa wa fenti ba. Har yau in na ji warin fenti, ko a bakin titi ne, sai kunnuwana su ɗauki zafi.

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Bungudu. Matata Saratu 'yar Tsafe ce. Ba mu daɗe da aure ba ta samu gurbin karatun ungozoma a Zariya, ni kuma da bakina na ce ta tafi, har da yi wa abokaina jawabi a majalisa kan amfanin karatun mata. (Jawabi ba ya wuya. Wuyar tana ranar da ka dawo daga aiki ka tarar da ƙofa yadda ka kulle ta, ba ƙamshin girki, ba mai ce maka sannu da zuwa.) Gidanmu ɗaki biyu ne da falo, amma da ta tafi sai ya yi mini faɗi kamar filin ƙwallo. Silifas ɗinta na bakin banɗaki ban iya ɗauke su ba, in ina shara sai in kewaye su. Na koyi dafa taliya da manja, na kuma koyi cin ta a tsaye, don zama a tabarma kai kaɗai da kwano a gabanka wani irin abu ne.

Muna waya kullum, amma waya ba ta cika gida. Ga hanyar nan ta Funtuwa, kowa ya san yadda take, ba hanyar da za ka ce wa matarka ta riƙa bi kowane mako ba ce. Don haka sai na zuba ido ga hutu. To amma ko hutun ya zo, sai Saratu ta sauka a Tsafe gidan mahaifinta, ta yi kwanaki, abin da ya rage ne nawa. Da na yi ƙorafi a waya, cikin wasa-wasa, sai ta ce, “Yallaɓai, ka san ina da aikin binciken ƙarshe. A gidan Baba akwai tebur da kujera. A gidanmu in na zauna a tabarma da kwamfuta a cinya, bayana ciwo yake yi.”

Tebur ne ashe ya raba ni da matata. To, in tebur ne, ai da sauƙi.

Na shiga motar Gusau na nufi wajen masu sayar da tsofaffin kayan katako. Sabo ba na malamin makaranta ba ne, wannan ba sai na faɗa ba. Na samu wani tebur da ya sha duniya: samansa duk zoben kofin shayi, gefe ɗaya wani ya kankare sunansa da ƙusa, ƙafa ɗaya kuma ta fi 'yan uwanta gajarta. Na haɗa da wata doguwar kujera mai faffaɗan allo a baya, irin ta ofisoshin da, da 'yar kanta ta ɗora littattafai. Da aka ɗaure su a saman mota, wani fasinja ya ce, “Malam, ofis za a buɗe a Bungudu?” Na ce, “Babba ma kuwa.”

Sai maganar launi. Ranar da na fara ganin Saratu, a bikin wani abokina, mayafi ruwan hoda ne a jikinta. Tun daga ranar na yanke wa kaina hukunci cewa shi ne launin da ta fi so a duniya, ban kuma taɓa tambayarta ba. Na sayi gwangwanin fentin mai ruwan hoda, da ɗan ƙaramin ja na ado, da burushi, da samfefa ta gugar katako. Ilimina kuwa daga waya na samo shi. Na kalli bidiyon matan Turawa suna ɗaukar ruɓaɓɓen tebur, kafin ka ƙifta ido ya koma kamar na kanti, hannunsu ko ɗigo babu. Na ce in dai waɗannan za su iya, ina ga mai digiri a lissafi?

In faɗa muku gaskiya, kwanakin nan su ne mafi daɗi da na yi tun tafiyarta. Da na dawo daga makaranta sai in tuɓe in sa tsohuwar riga, in kama gugar katako har yatsuna su yi fari. Na sa wa gajeriyar ƙafar ɗan guntun katako ta daina rawa. Na share kusurwar falo kusa da taga, inda haske yake shigowa da hantsi. Ina shafa fenti ina hango ta zaune a wajen, ɗankwali ya zame baya, tana cizon bayan biro yadda take yi in abu ya ɗaure mata kai, ni kuma in shigo da shayi in ajiye a gefe ba tare da na ce komai ba. Wani lokaci har magana nake yi da kujerar. (Maƙwabcina ya taɓa leƙowa ta katanga ya tambaya ko baƙi na yi.)

Fentin na lafta shi da kauri, don a tunanina kauri shi ne inganci. Ga shi tsakiyar damina ce, kullum hadari, iska a jiƙe. Dole na shigo da kayan cikin falo. Samansu ya yi fata, in ka taɓa a hankali ba ya kama hannu, na ce shi ke nan, ya bushe.

Saratu ta ce mini ranar Lahadi za ta iso. Da safiyar Asabar na tsaya ina duban aikina, sai na ga kamar da sauran wani abu. Jan fentin nan yana ajiye. Shaiɗan, ko kewa, ko su biyun, suka ba ni shawara. Na ɗauki ƙaramin burushi, na durƙusa gaban kujerar, na rubuta a allon bayanta, daidai inda za ta riƙa jingina, da manyan baƙaƙe jajaye: GIMBIYATA. Na maimaita kowane harafi ya yi ɓul-ɓul. Na tura kujerar jikin tebur, na ja da baya ina murmushi ni kaɗai.

Ban gama wanke hannu ba na ji hon a ƙofar gida.

Na leƙa, sai ga motar surukina. Saratu ta fito daga baya tana dariya, wai ba-zata ta yi mini. Daga gaba kuma Baba ya sauko a hankali, cikin farar babbar riga ta shadda, ta sha bugu tana ɗaukar ido. Baba babban ɗan kasuwar hatsi ne a Tsafe, dogo, mai furfurar gemu. Da ma ba mai yawan magana ba ne, tun rasuwar Inna, mahaifiyar Saratu, kuwa sai ya ƙara yin shiru. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa haɗa ido da shi ba, bai kuma taɓa taka gidana ba sai ranar. Ɗaurin aure zai je Nahuce, shi ne ya ce bari ya sauke ta a hanya.

Zuciyata ta rabu biyu. Rabi na son in tsaya in kalli matata da na yi wata da watanni ban gani ba, rabi kuma ya riga ya durƙusa yana gaisuwa. Saratu ta wuce ciki da jakunkuna. Na shigo da Baba falo, ba wuta, gari kuma ya yi duhun hadari. Na shimfiɗa masa darduma.

Ya ce, “A'a Malam, gwiwa ba ta bari. In na zauna ƙasa sai an tashe ni.”

Na nuna masa kujerun falo. Ya dube su ya girgiza kai, masu lotsawa ne. Sai idonsa ya sauka a kusurwa. Ya taka, ya kama doguwar kujerar nan ta sama, ya juyo da ita yana dubana yana cewa, “Warin mi nika ji haka?”

“'Yan gyare-gyare ne, Baba.”

“Madalla. Gida sai da gyara.”

Na ga ya tattara rigarsa. Na ga ya fara sunkuyawa. Wallahi da sauran lokaci, da na ce “Baba tsaya” da an wuce wajen. Na buɗe baki na ce, “Baba…”

“Na'am?”

“Ya… ya hanya?”

“Lahiya lau,” in ji shi, ya zauna. Sannan ya jingina, ya gyara kafaɗunsa, ya ƙara dannawa, ya yi ajiyar zuciya. “Kai, wagga kujera ta yi daɗin baya.”

Ina tsugune a gabansa, kaina a ƙasa, gumi na bin bayana. Ya tambayi makaranta, na amsa. Ya tambayi damina, na amsa. Saratu ta kawo ruwa ta durƙusa ta ba shi, ya sha, ya sa mana albarka, ta koma ciki. Da ya zo tashi sai na ji wata 'yar ƙara, irin ta ɓare filasta daga fata. Shi bai ji ba. Ya ce, “Tashi mu tahi tare, Malam. Ni a wakilin ango.”

Ya juya ya nufi ƙofa, na ɗaga ido. Bayan farar shaddar nan ya yi shatin ruwan hoda mai kusurwa huɗu, a tsakiyarsa kuma ga jajayen baƙaƙena reras, ba wanda ya ɓace, sai dai a juye suke kamar a madubi.

Za ku ce to a nan ai sai in faɗa masa. Ni ma haka nake ce wa kaina har yau. Amma ta ina zan fara? In ce Baba ka ɓata rigarka, ya tuɓe ya duba, ya karanta abin da na rubuta wa 'yarsa? Na shiga bayan mota, shi yana gaba kusa da direba. Tun daga Bungudu har Nahuce ina haɗa jimla a raina ina rushewa. Har addu'a na yi Allah ya sauko da ruwa kamar da bakin ƙwarya a ɗaga ɗaurin auren. Hadarin da ya yi mako yana hana fentina bushewa, ranar sai ya washe.

Da muka sauka sai na manne a bayansa. Ya yi dama in yi dama, ya tsaya gaisawa in tsaya, na baza kafaɗu kamar mai gadin gwamna. Har na ji wani dattijo yana cewa, “Ka ga surukin kirki, ko taki ɗaya ba ya barin Alhaji.” Amma da aka zo zama sai aka ja manya gaba wajen liman, mu aka tura mu baya. Saboda gwiwar Baba kuma aka kawo masa benci. Kowa yana ƙasa a tabarma, shi kaɗai a sama, ya ba jama'a baya, kamar allon aji.

Ba a jima ba raɗa ta fara. Kun san yawancin baƙaƙen kalmar ko an juya su ba sa canza kama, don haka ana iya karanta ta daga ƙarshe. Na ji na kusa da ni yana haɗawa: “A… ta… yib. Atayib?” Wani ya ce, “Sunan kamfanin shaddar ne.” Wani ya ce, “A'a, telan ne, Ɗayyabu, ya sa sunansa.” Wani tsoho ya ce shi dai bai taɓa ganin aikin riga a gadon baya da jan zare haka ba, amma zamani ne. Wayoyi suka fara ɗagowa. Ni kuwa na cusa hannayena a ƙarƙashin riga, don farcena duk ja ne.

Baba bai san abin da ake ciki ba. Ya nemi aure a madadin ango cikin nutsuwa, aka ba shi, liman ya yi addu'a, aka shafa. Na fara sa rai za mu tsira. Sai maroƙin wajen ya taso, wani siririn mutum mai muryar da ba ta bukatar lasifika. Ya zagayo bayan Baba zai fara kirari, ya yi turus. Ya karkata kai. Ya ɗaga yatsa ya biyo baƙaƙen daga dama zuwa hagu, yana motsa leɓe. Sai fuskarsa ta washe, ya cika ƙirji da iska:

“Gim-bi-ya-ta! Jama'a, Gimbiyata! Allah ya ja zamanin Gimbiyar Tsafe!”

Wajen ya kece da dariya. Masu rabon goro suka tsaya. Liman ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa na rawa. Baba ya waiwaya ya ce, “Mi a bayana?” Ya miƙe, ya zare babbar rigar ta kai, ya rage daga shi sai 'yar ciki, ya baza ta a gabansa. Ya daɗe yana kallo. Sannan ya ɗago, ya bi jama'a da ido ɗaya bayan ɗaya har ya iso kaina. Ranar muka fara haɗa ido.

Na miƙe. “Baba, ni ne. Ni na rubuta.”

Maroƙin ya ce, “Kai ka rubuta wa surukinka Gimbiyata?”

Na ce, “A'a, wallahi ba shi na rubuta wa ba, 'yarsa na…”

Ban ƙarasa ba. Dariyar farko ashe somin-taɓi ce. Na tsaya a tsakiyar Nahuce, gaban liman da dattawa, na shaida wa duniya da surukina sunan da nake kiran 'yarsa da shi a zuciyata. Da ƙasa ta tsage a lokacin, da na shige na kuma ja ta na rufe.

A hanyar dawowa, Baba ya ninke rigar ya ɗora a cinya. Gero da dawa sun yi kore shar a gefen hanya, ni kuwa ina bayan mota ina tunanin ko akwai makarantar da ke neman malamin lissafi a can wajen Maiduguri. Sai da muka kusa Bungudu ya yi magana, bai waiwayo ba.

“Mi ya kai ka shafa ma kujera fenti?”

Na kwashe duka na faɗa masa: maganar tebur, da hutun da take yi a Tsafe, da yadda gidan yake in ba ta nan. Ban san zan iya faɗa wa surukina haka ba, amma mutumin da aka riga aka yi wa dariya a gari guda ba shi da sauran abin ɓoyewa.

Can ya ce, “Tebur na nan gidana, gaskiya ta. Amma ban taɓa ganin ta zauna kansa ba. In ta zo, tasa ni gaba takai sai na ci abinci. Tun da uwarta ta rasu ba ni iya ci ni ɗai.”

Ashe ba ni kaɗai nake cin abinci a tsaye ba.

Ya shafa rigar da ke cinyarsa. “Uwarta mun daɗe tare. Ban taɓa kiran ta da wani suna mai daɗi ba, ‘ke’ nika ce mata. Yanzu in na shiga ɗakinta sunaye su taho mani baki, babu mai amsawa.” Ya ɗan tsagaita. “Kai ka taɓa ce mata wanga suna da bakinka?”

“A'a, Baba.”

“To,” in ji shi.

A ƙofar gida na roƙe shi ya bar mini rigar in gwada wanke ta da fetur. Ya ce, “Bar ta.” Motar ta juya ta kama hanyar Tsafe tun rana na sama.

Na shiga na tarar da Saratu zaune a ƙasa gaban kujerar, waya a hannu. Hoton ya riga ni isowa gida, wata 'yar ƙanwar babanta ta turo mata. Tana ganina ta fashe da dariya har da riƙe ciki, hawaye na zuba. Da ta lafa sai ta taɓa allon kujerar, inda baƙaƙen suka dame da zaren shadda. Sannan ta ce, “Amma Yallaɓai, me ya sa ruwan hoda?” Na tuna mata mayafin ranar bikin. Ta ce, “Ai na aro ne. Ni ba na ma son launin.”

Teburin bai bushe ba duk tsawon hutun. Ranar da ta gwada ɗora littafi a kai, sai da muka bar masa bangon baya. A tabarma ta yi karatunta, kwamfuta a cinya, ni kuma na kawo shayin kamar yadda na tsara, sai dai a ƙasa na ajiye. Da hutun ya yi rabi, ni da kaina na ce ta shirya in raka ta Tsafe. Na gaida Baba daga bakin zaure, kaina a ƙasa, shi ma bai tayar da maganar ba. Daga baya Saratu ta gaya mini rigar ba ta je wajen mai wanki ba, tana ninke a cikin akwatin Inna.

Yanzu ta koma Zariya, saura zango ɗaya ta gama. Fentin ya bushe sarai bayan tafiyarta, ni ne nake zama a teburin ruwan hoda ina duba takardun ɗalibai, in na gaji in kalli taga. Nahuce kuwa na daina zuwa ko ta'aziyya sai da rakiya, don har masu kabu-kabu sun san ni da Surukin Gimbiya.

Kwanan baya muna waya na daure na kira ta da sunan. Ta ce, “Me ka ce? Layin ba kyau.” Na maimaita. Ta ce, “Har yanzu ban ji ba.” Sai a na uku na ji tana dariya ƙasa-ƙasa, na gane tun farko ta ji.

Abin da na koya dai bai fi biyu ba. In ka ga surukinka zai zauna inda bai kamata ba, ka daure ka ji kunyar falo, ta fi ta gaban liman sauƙi. In kuma kana da magana mai daɗi da kake son gaya wa matarka, ka faɗa da baki. Baki ba ya jiran bushewa, ba ya kuma bin dattijo ɗaurin aure.